Fankar Baffa da Takardar da Ke Aljihuna

Azumin bana ya faɗo cikin bazara, kuma tun ranar uku ga wata na gane irin wanda za mu yi. Kafin hantsi ya ɗaga, ƙarfen ƙofar zaure ya ƙi taɓuwa. Kaji suna kwance ƙarƙashin rumbu da baki buɗe, awaki sun daina kuka, ruwan randa kuwa ya yi ɗumi kamar an sauke shi daga murhu. Rabona da irin wannan zafi cikin azumi shekara talatin ke nan da 'yan kai. Ba na cikin masu kiran kowace rana wadda ba a taɓa yin irinta ba. Idan na ce na daɗe ban gani ba, to na daɗe ɗin.

Ranar bakwai ga wata, bayan la'asar, Nura ya yi sallama a zaure. Nura mijin 'yata Zainabu ne, kuma shi ke tuƙa a-kori-kurata tun da idona ya fara rauni. Motar ta tsufa, amma da ita ake kai hatsi kasuwar Batsari, da ita ake ɗauko taki, da ita ake kai mara lafiya asibiti. Hanyar da take bi, tsakanin Batsari da Safana, a 'yan shekarun nan ba hanya ce da mutum zai so injinsa ya mutu a kanta ba. Kowa a ƙasar nan ya san dalili, ba sai na rubuta ba.

Ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da tabarma, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sa'an nan ya ce, "Baba, motar nan tana yin zafi."

"Mota ba ta yin zafi haka kawai. Wani ke sa ta."

"Haka ne, Baba. A kan tafiya lafiya lau take. Amma in mun zo shingen bincike aka bi layi, inji na juyi a hankali, sai in ga allurar zafi ta fara hawa. In na kashe ta da zafin kuma ba ta son tashi. Shekaranjiya a bakin Safana sai da muka tura ta."

"Ka duba bel?"

"Na duba."

"Da ido ko da hannu?"

"Da hannu, Baba." Ya murza hularsa a gwiwa. "Shi ne na ce ko za a cire fankar bel ɗin nan, a sa ta wuta."

"Wa ya sa maka wannan magana a baki?"

"Ba kowa."

"Mai sayar da kayan mota yana da fankar da ta ƙi fita daga shagonsa, ko?"

"Wallahi ban yi magana da kowa ba."

Ban yarda ba, kuma na bari ya ga ban yarda ba. Na ce ya je, zan yi tunani. Da ya fita, Hajara matata, wadda ta ji komai daga bayan zana, ta leƙo da ludayi a hannu. Ta ce, "Fankar wuta kuma, Malam?" Ba ta jira amsa ba, ta koma wajen kununta.

Ga wanda bai taɓa buɗe murfin inji ba, ga bambancin. Inji yana shan ruwa domin kada ya ƙone, ruwan kuwa yana hucewa ne a lagireto, wannan akwatin ƙarfe mai saƙa da ke gaban mota. Aikin fanka shi ne ta jawo iska daga waje ta ratsa lagireto zuwa ciki. Fankar bel inji ne da kansa ke juya ta. Muddin yana raye tana raye, ba ruwanta da batir, kuma idan bel ya tsinke a daji, mai dabara zai iya kai kansa gida da igiya. Aibinta ɗaya: idan inji ya yi sanyin juyi, ita ma ta yi sanyi, a daidai lokacin da mota ke tsaye babu iskar hanya. Fankar wuta kuwa ba ta san tsayuwa ba, tana ja da ƙarfinta ko mota ba ta motsi. Sai dai rayuwarta a hannun waya take, da fis, da batir, da kuma mutumin da ya haɗa su. Bel kana ganinsa. Abin da ke tafiya cikin waya ba ka ganinsa.

Na san waɗannan tun ina saurayi. Mahaifina ya kai ni makarantar mishan, ba don ya amince da su ba, sai don a nan kaɗai ake koyar da aikin hannu. Duk hutun da na dawo sai ya sa na yi alwala a gabansa, ya gani ko an rage mini wani abu. A can muka yi wani malami, Malam Bitrus, wanda bai taɓa cewa aikin yaro ya yi kyau ba, iyakarsa ya ce babu gyara. Shi ya koya mana cewa ba a gwada fanka da kunne. Ka ɗauki takarda ka riƙe a gaban lagireto. Idan ta manne, fanka tana ja, aiki ya yi. Idan ta tashi ta bar ka, fanka tana turawa, ka ɓata. Wanda ya rufe inji bai yi wannan gwaji ba, rula ce rabonsa a bayan hannu.

Daminar da ta gabaci wancan azumi na shekara talatin da 'yan kai da suka wuce ta yi mana rowa. Gero ya fitar da kai, ruwa ya ɗauke, ya bushe a tsaye da ƙwaya kamar tsakuwar yashi. Abin da ya shiga rumbu bai cika rabinsa ba. Kafin watan ya kama, biyu daga rijiyoyin ƙauyenmu uku sun ƙafe, ta ukun kuwa sai an jira ta tun asuba har hantsi kafin ta tara guga huɗu na ruwa mai launin kunu. Akwai wata rijiya mai zurfi ta wajen Safana da ba ta ƙafe ba, tafiyar awa guda a mota. Mota kuwa a duk ƙauyen tawa ce kaɗai.

Sai muka tsara aiki. Da an sallame sallar asuba, in ɗora duro shida, maza biyu daga gidajen da layi ya zo kansu su hau. Muna isa su kama guga, ni in tsaya a kan duro da mazurari, kada ɗigo ya bi ƙasa. Kafin azahar mun dawo. Mata sun jera tuluna a inuwar tsamiya, kowane gida biyu, rugar Fulanin da ke bayanmu uku saboda 'yan maruƙa. Sunayen gidajen da layinsu suna rubuce a wata takarda da nake ninkewa huɗu in sa a aljihun gaba. Ba a taɓa yin gardama a kan rabon ba, domin an san ba na tsallake layi ko don uwata.

A cikin gida Hajara ce ke mulkin ruwan. Wanda aka wanke gero da shi na awaki ne. Na alwala a kan tasa ake yinsa, a kai wa zogale guda da ta rantse ba zai mutu ba. Wanka sai Juma'a, da ƙwarya ɗaya. Da la'asar ta dama kunun tsamiya tsararo, har kana hango gindin ludayi ta cikinsa. Bayan magariba tuwon dawa da miyar kuka babu mai, abin da ya rage shi ne ɗumamen sahur. Tana goyon Zainabu a lokacin, wata bakwai da haihuwa. Yunwa muna jinta, amma yunwa tana da haƙuri. Ƙishirwa ce ba ta da shi. Daga azahar harshe yakan manne a ganɗa, mutum ya riƙa amsa gaisuwa da ka domin ya adana yawu.

Ranar tara ga wata, muna dawowa, na ji wata ƙara kamar an jefi murfin inji da gatari. Reshe ɗaya na fankar bel ya tsage ya fice. Allah ya tsare bai huda lagireto ba. Na lallaɓa na sauke ruwan, na wuce Batsari. Na zagaye masu kayan mota kaf, babu irinta. Kowa ya ce sai Katsina, kuma a Katsinar ma sai an dace. Kwana biyu ko uku ke nan ƙauye babu ruwa.

A nan ne Baffa Lawal ya aiko a kira ni. Baffa ƙanen mahaifin Hajara ne, shi ya ba ni aurenta. Gyaran wutar mota yake yi a gindin wata darbejiya kusa da tasha. Bai je makaranta ba, da tocila da rediyo ya fara har ya kai ga mota, kuma yana da hannu, wannan ba zan hana shi ba. Tsakanina da shi kuwa sai abin da ke tsakanin mutum da surukinsa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa kiran sunansa ba sai yau da nake rubuta shi, bayan ya daɗe a kabari.

Ya jawo wata fanka baƙa daga ƙarƙashin benci, ya bushe ƙurar da ke kanta. Ya ce daga wata motar Beljiyam da ta yi hatsari ya ciro ta.

"Ta wuta ce. Yanzu duk duniya ita aka yayi, ku kaɗai kuka tsaya ga bel kamar masu injin niƙa."

Na miƙa hannu zan karɓi sifana. Ya janye.

"Zamna, ɗan mishan. Yau ka ga aikin waɗanda ba su ci biredin Turawa ba."

Direbobin da ke kwance a inuwa suka yi dariya iyakar ƙarfin mai azumi. Na zauna a kan wata taya, ina kallo. Ya ɗaure fankar da kyau, ƙusa huɗu, babu wadda ta yi sako-sako. Da ya zo kan wayoyi biyun da ke fitowa daga bayanta ne na ƙura ido. Dukansu sun yi baƙi da datti. Bai goge su ya ga alamarsu ba. Ya feƙe su da haƙori, ya haɗa ɗaya nan ɗaya can yana hira, ya naɗe da salatif. Ya ce a murɗa makulli. Fanka ta ɗauka da gurnani.

"Kun ji ta? Wagga ko a wuta ka shiga da ita sai ka nemi bargo."

Aka ce sai Baffa. Aka ce hannu baiwa ne. Ni kuwa hannuna na dama yana kan aljihuna, ina jin gefen takardar rabon ruwa da yatsa. Taku uku ne tsakanina da gaban motar. Baffa ya juyo ya dube ni, gumi na ɗiga daga gemunsa, mutum mai shekara sittin da ya yi awa biyu a sunkuye cikin rana da azumi a bakinsa.

"Ko akwai gyara, malamin makaranta?"

Mutum goma sha suna kallo. In fito da takarda a nan, in gwada aikin wanda ya ba ni mata, a gaban tasha?

Na ce, "Babu, Baffa. Allah ya saka da alheri."

Na yi maganar lada, ya ɗaga hannu. Ya ce ruwan da jikarsa za ta sha shi ne ladansa.

Wajibi ne in faɗi abin da ya biyo baya daidai. Na isa gida da sauran rana. Babu kowa a wajen motar. Da na so, da na yi gwajin a nan, ba wanda zai sani. Ban yi ba. Na ce wa kaina na gaji. Na ce wa kaina bin aikin suruki a ɓoye ha'inci ne. Gaskiyar ita ce na riga na ce babu gyara a gaban mutane, kuma ban taɓa faɗin wannan kalma a kan abin da ban gwada ba. Ina tsoron abin da takardar za ta ce a kaina, ba a kan Baffa ba.

Washegari muka tafi da sanyin safiya, mota babu kaya, allura ba ta motsa ba. Har na fara jin kunyar zargin da na yi. A dawowa ne, da duro shida cike, rana a tsakar ka, na ga allurar ta fara hawa. Na rage gudu, ta sauka kaɗan. Na ƙara, ta hau. Na ce allurar ce ta lalace, domin ina jin gurnanin fankar da kunnena. Ni, almajirin Malam Bitrus, na tsaya ga shaidar kunne. Muka zo wata busasshiyar ƙorama mai faɗi, wadda in ka tsaya a tsakiyarta yashi ya haɗiye taya. Na sa giya ta ɗaya na danna. Muna tsakiya na ji ƙauri, irin na tukunyar da ruwanta ya ƙone. Muna hawa gaɓar can farin tururi ya turnuƙe gilashi, inji ya yi tari biyu ya yi shiru.

Mutum biyun da ke tare da ni suka kama hanyar ƙauye a ƙasa domin su zo da jakuna. Na rage ni kaɗai, da ƙarfe mai ƙara yana hucewa, da ruwa duro shida da ba ni da ikon kurɓa. Inji ya mutu, amma fankar wuta ba ta bukatar inji. Na murɗa makulli, ta ɗauka. Na fito da takardar, na buɗe ta, na riƙe a gaban lagireto, na saki.

Ta tashi ta faɗa cikin ƙaya.

Na ciro ta na sake. Na sake na uku. An juya wayoyin, fanka tana tura iska waje. A tsaye ba a ganewa. A kan tafiya kuwa, iskar hanya na shigowa, tata na fita, su haɗu a bakin lagireto su tsaya kamar raguna biyu da suka haɗa goshi. Gyaran bai fi minti ɗaya ba.

Kafin jakuna su iso na kwance fankar na cusa ta a buhu. Da aka tambaye ni, na ce fankar wuta ba ta ƙasarmu ba ce, don ƙasar sanyi aka yi ta. Magana ta kai wa Baffa. Ya zo har gida ya yi mini jaje, ya ce kayan Turawa sai Turawa, shi ma sun yaudare shi. Da wannan ya rasu.

Gasket, shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan inji, ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe, sai an kai Katsina. Kwana ashirin da suka rage na azumin, da shida bayan salla, ƙauyenmu ya koma ƙorama. Mata su fita da duku-duku, su tona yashi har iyakar hannu, su jira ruwa ya tsatso, su kwasa da ƙoƙo. Ruwan ja ne, yana warin ruɓaɓɓen ganye, ko an tace shi da ɗankwali launinsa na nan. Shanun ruga suka fara faɗuwa, Fulanin suka tashi suka yi kudu. Ina ganin Hajara tana dawowa da hantsi, tulu a kan gammo, Zainabu a baya, tafin ƙafarta ya tsage har tana barin alama a ƙasa. A mako na biyu gudawa ta kama yarinyar. Idonta ya faɗa, maɗigarta ta lotsa, ta daina kuka sai buɗe baki. Liman ya ce Hajara ta ajiye azumi, ta ajiye, amma nonon da babu ruwa a bayansa ba ya zuwa don an ba shi izini. Kwana biyar muna kallon ƙirjin yarinyar ko yana ɗagawa. Zogalen ya mutu. Zainabu ta tashi.

Na sayar da sa ɗaya daga shanun huɗata aka gyara injin, na samo fankar bel a Katsina. Motar ta dawo, bayan kwana uku hadari ya haɗu a gabas. Har yau ina jin ƙamshin ƙasar nan da ɗigon farko ya taɓa, da yadda yara suka fita tsirara, da yadda manya suka tsaya a ƙofa suna kallo. Sa ɗaya ba ya jan garma. A shekarar da hannu na yi huɗa.

Tun daga nan, duk direban da ya tambaye ni, na gaya masa fankar wuta tana kashe inji. Da yawa sun yarda, domin an san ba na faɗin abin da ban tabbatar ba.

Wannan ne ya zauna tare da ni bayan fitar Nura. Kwana uku ina neman inda zan kama shi da ƙarya. Na ja bel da hannuna, daidai yake. Na sa aka wanke lagireto, babu laka. Na duba ko yana sa mata ruwan rijiya mai gishiri, ko yana lodin da ya wuce ƙa'ida a bayana, har Zainabu na yi wa tambayoyi. A ƙarshe na ajiye motar a rana, na tayar da ita, na zauna da agogo a hannu. Kafin rabin awa allura ta hau. A zamanina mota ba ta tsayuwa a hanya sai don salla ko fitsari. Yanzu tsayuwar ta kusa yawan tafiyar. Yaron bai yi ƙarya ba.

Na kira shi na gindaya sharuɗɗa. Ni zan zaɓo fankar. Za a sa mata fis nata na kanta, da makunni kusa da hannun direba. Tsohuwar fankar bel za a naɗe ta da ƙusoshinta a ajiye bayan kujera, ba za a sayar ba. Kuma babu mai gyaran wutar da zai taɓa motata, ni zan haɗa.

Ranar kasuwa muka je Batsari. Mai shagon ya ɗauko wata ya ce sabuwa ce fil.

"Sabuwa da gidan gizo-gizo a cikinta?"

"Beljiyam ce, Baba, ai ta fi sabuwa."

"To me ya sa ka ce sabuwa?"

Ya dubi Nura, Nura ya dubi ƙasa. Na sa aka ɗora huɗu a kan batir ɗaya bayan ɗaya. Ta farko tana karkarwa, ta biyu tana ƙauri, ta uku an liƙe reshenta da gam an shafa baƙin fenti. Na ɗauki ta huɗu, ba don na amince da ita ba, sai don ban kama ta da laifi ba.

Washegari na fara tun da safe, a ƙofar gida. Na auna, na huda, na ɗaure, na goge kowace waya da tsumma har launinta ya fito, ko kuwa har na ga kamar ya fito. Nura yana tsaye yana miƙo abin da na nema. Wajen azahar na gama, gumi ya jiƙa rigata. Na ce ya murɗa makulli. Fanka ta ɗauka sumul.

"Madalla, Baba. Allah ya ƙara lafiya."

Na sa hannu a aljihu zan fito da takarda, domin tun daga waccan ƙorama ban ƙara rufe inji ban gwada ba. Sai na dubi fuskarsa. Bakinsa yana madalla, idonsa yana kan wayoyi. Na san wannan kallo. Na taɓa yinsa a kan wata taya a gindin darbejiya.

"Ka ga wani abu?"

"A'a, Baba."

Na miƙa masa takardar. "Riƙe a gaban lagireto, ka saki."

"Baba, ai aikinka ba ya bukatar..."

"Ban tambaye ka abin da aikina ke bukata ba."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya riƙe, ya saki. Takardar ta tashi ta faɗi tsakanin ƙafafunsa. Muka tsaya muna kallonta.

Ya ce, "Iska ce, Baba."

Na ɗaga kai na dubi bishiyar ƙofar gida. Ko ganye ɗaya ba ya motsi.

"Ɗauko ka sake."

Ya sake. Ta sake tashi.

"Wannan ma iska ce?"

"Ita ce, Baba." Ya sosa ƙeya. "Sai dai daga ciki take fitowa."

"Tun yaushe ka gani?"

"Tun da ka ɗauki wayar can. Shuɗiya ce, ka ɗauka baƙa ce. Na ce ko ni ne ban gane ba."

"Da haka za ka hau hanyar Safana, da matarka da 'ya'yanka a ciki?"

"A'a. Da na bari ka shiga ciki ka kwanta, in juya su."

Ya faɗe shi kamar ba komai ba. Abin da ya gagare ni ina da ƙarfina da idona, shi a wurinsa bai kai abin tunani ba. Na miƙa masa filaya, na ce ba sai na kwanta ba, ya juya su ina kallo. Ya juya, ya naɗe, ya ɗauki takardar ya riƙe. Ta manne da lagireto kamar an liƙa ta. Na ce babu gyara.

Da na shiga gida Hajara tana bakin ƙofa, ashe tun ɗazu take tsaye. Ta bari na zauna, ta kawo mini tsumma mai ɗan ruwa na goge wuya. Sa'an nan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni na wanke rigarka ta ranar da injin ya mutu, da ruwan ƙorama. Takardar rabon ruwa na cikin aljihu, da baƙin mai, da hujin ƙaya. Na san abin da kake yi da takarda a gaban mota, Malam. Da ta manne, da ba ta sha ƙaya ba."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa, duk shekarun nan?"

"In faɗa wa wa? Shi baffana ne, kai mijina." Ta karɓi tsumman ta matse shi a kan tasa, kamar yadda ta saba tun wancan azumi.

A makaranta, wanda ya yi kuskure yakan rubuta gyara a ƙasan aikinsa da hannunsa. Ga nawa, ga direbobin Batsari da suka ji magana daga bakina: fankar Baffa lafiyarta ƙalau, tana nan cikin buhu a ɗakin ajiya, kuma ba ita ta kashe injin ba.

Wannan ba ya nufin na amince da sabuwar. Waya waya ce. Kowace safiya kafin motar ta fita ina zuwa in tsaya a gabanta. Nura ne ke riƙe takardar. Ni kallo nake yi, kuma na gaya masa ranar da ya ga na ce ta manne alhali ta faɗi, ya faɗa mini a nan take, ko a gaban wa muke.